Tayin da Na Yi wa Jitar Mushe

Ni ne na koya wa Manzo riƙon jita. Wannan nake so a fara sani, domin mutanen Tanut akwai saurin mantuwa. A bayan shagona na ɗinki na zaunar da shi, na ɗora masa yatsu a kan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, yana kukan zafi ina ce masa ya daure. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka tun muna yara ba mu da gaisuwa sai tsiya. Shi ya ce ni bawansa ne tunda ni ɗan mace ne, ni kuma in ce ban taɓa ganin ubangijin da kullum a gidan bawansa yake cin tuwo ba. Tsakanin taubasai duk abin da aka faɗa wasa ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Shekara shida muna kiɗan biki a ƙasar Damargu, mu uku. Ni a gaba da jar jitata, ina kiɗa ina waƙa. Manzo a bayana da wata baƙar jita mai karkarwa, yana rufa mini baya. Buba kuma, wani dattijo marar yawan magana, yana kan ganguna. In aka ce kiɗan Safiyanu tela, kowa ya san mu ake nufi, kuma ba a taɓa cewa kiɗan Manzo ba.

Sai ya tafi Agadas neman kuɗi. Shekara biyu ya yi yana lodin motoci a tasha, da yamma kuma yana zama wurin makaɗan Buzaye. Kuɗin dai bai dawo da su ba, amma ya dawo da wasu yatsu waɗanda ba su na sallame shi da su ba.

A wani biki a Belbeji abin ya fito fili. Muna tsakiyar kiɗa tsirkiyata ta tsinke, na koma gefe in ɗaura wata, na yi wa Manzo alama ya riƙe mini fili. Ai kuwa ya riƙe. Kafin in gama murɗa kunnen jita guɗa ta tashi, mata sun yi masa zobe, maza suna ɗaga rawani sama. Na gama gyara na dawo wurina, sai wata tsohuwa ta dafa mini hannu, ta ce, "Ɗana, bari yaron ya ƙarasa mana tukuna." Yaron da take faɗa shekararsa talatin, har da furfura biyu a gemu. Na tsaya riƙe da jita kamar wanda aka ba ajiya, ina murmushi. Tun daga ranar nake kishin Manzo, ba zan ɓoye ba. In ya yi dariya haushi nake ji, in ya yi shiru in ce wani abu yake ƙullawa.

Bana da aka gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, bukukuwa suka fara layi, sai Buba ya biyo ta shagona ya ce mini an kawo jitar bas rumfar Ɗan Azumi dillali. Irin doguwar nan ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke bugun ƙirji maimakon kunne. Ta wani malamin lakwal ce, wato makarantar boko, Mushe Almustafa kamar yadda muke kiran malamanta, an yi masa canjin wurin aiki, yana sayar da kayansa. A duk Damargu ban san makaɗan biki da ke da irinta ba. Buba ya kurɓi shayinsa, ya ƙara da cewa, "Manzo ma sau uku yana zuwa kallonta."

Na ɗinka hannun riga a wuya ranar nan. Sau uku, kuma bai ce mini uffan ba! Ai lissafin a bayyane yake. Mai bas shi ke da bikin manya. Manzo zai saye ta, ya nemi wani ya riƙe masa, ya janye Buba, ya tsaya a gaba da sunansa, ni kuma a bar ni da keken ɗinki da labarin da.

Ranar kasuwa tun hantsi na isa rumfar. Tana jingine tsakanin wata firji da katifu biyu, kusa da ɗan amfulinta, akwatin da ke ƙara mata murya. Na yi kamar katifa na zo gani.

Ɗan Azumi ya ce, "Tela, katifar ba ta da tsirkiya. Zo ka ga abin da ya kawo ka."

Na tambaye shi ko an taya. Ya ce masu kallo dai sun yi yawa, amma har yanzu ba wanda ya buɗe baki. To, kowa a Tanut ya san halin Ɗan Azumi. In ka taya kaya a rumfarsa, ba ya sauraron wani a kansu sai kun rabu, ko da na biyun ya zo da ninki. Da wannan ya yi suna, da shi kuma na yi niyyar amfani. Na yi wani tayi na raini, wanda na tabbata mai kaya zai ce albarka. Nufina in riƙa ƙara kaɗan-kaɗan ina jan ciniki, har ranar tafiyar Mushe ta zo ya ɗauki abarsa ya bar mana gari. Ba so nake in saya ba, so nake kada Manzo ya samu.

Ɗan Azumi ya kira Mushe a salula, ya sa murya a fili. Na ji hayaniyar yara a bayansa, da muryar mutumin da ya gaji da ɗaurin kaya.

"Wane ne? Tela mai jita? Bon, a sallama mishi. Shi ma'abocin abin ne, zai riƙe ta da kyau. Ya ɗauka ya gwada, kasuwa mai zuwa nake tashi. In ta yi mishi ya biya, in ba ta yi ba ka ba wani."

Na ji kamar an zare mini tabarma. Ina nan tsaye sai ga Manzo, hannunsa a kan aljihun gaba, da alama ya sayar da hatsinsa ya zo da shiri. Ɗan Azumi ya ce masa ya makara da rabin awa, tela ya taya an sallama, sai dai in ya mayar.

Manzo ya dube ni, ya dubi bas. Ya ce, "Bawana, kai da wannan? Ai ta fi ka tsawo."

Na ce, "Ka zo ka ɗaukar mini amfuli, in ba ka ladan dako."

Ya ɗauka kuwa, har ƙofar gidana, yana fito.

Hajjo matata tana tankaɗe a tsakar gida muka shigo. Ta bar rariya ta bi abin da kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Baban Ramla, wannan jita ce ko taɓarya?" Na ce mata harkar maza ce. Ta ce to, Allah ya sa harkar maza ba ta cin awakin mata.

Mako guda ke gare ni in yanke shawara, kuma ko kwana ɗaya ban yi da zuciya guda ba. Da na zauna na dube ta da kyau, aibinta ya fi a ƙirga. Wuyanta ya ɗan sunkuya. Fenti ya ɗaye a inda hannun Mushe ke gogawa. Tsirkiya mafi kauri ba tata ba ce, wayar birkin babur ce aka warware aka ɗaura. Kunne ɗaya ya karye, sai da filaya ake murɗa shi. Amfulin kuwa, da an kawo kuran, wato wutar lantarki, na jona shi sai ya kama gurnani tun ban taɓa komai ba. Duk mai hankali zai naɗe ta ya mayar, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ga kuma babban aibin, wanda ba nata ba ne. Ban iya ta ba. Yatsun da suka saba da siraran tsirkiyoyi suka rasa inda za su sa kansu. Kafin azahar ta biyu sun yi bororo, har allura ta gagare ni riƙewa. Abin da ke fita kuma ba kiɗa ba ne, wani ɗum-ɗum ne marar kai. Akuyar Hajjo ta tsinke igiya sau biyu.

Kowace safiya sai in tashi da niyyar mayarwa. In ɗauko ta har zaure, sai in ga Manzo a raina, tsaye a gaban taro a bikin da aka gayyace mu garin Ollelewa, bas na ruri a bayansa, mai sanarwa yana kiran sunansa shi kaɗai. Sai in juya in mayar da ita ɗaki.

Ranar Laraba da la'asar ya zo da kansa. Ya ci sauran ɗanwaken da aka ajiye mini, ya wanke hannu, ya ce bari ya gaisa da amaryata. Ya ɗora ta a cinya, ya karɓi filaya ya ɗan murɗa kunnen nan, ya kasa kunne, ya sake murɗawa. Sannan ya fara. Ba wani abu mai yawa ya yi ba, sauti huɗu ne zuwa biyar yake juyawa, amma kwanonin da Hajjo ta jera a bango suka kama rawa. Na ji abin a cikina. Hajjo ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyaɗa kai, tuwo na ƙonewa a bayanta. Kwana huɗu ina fama a gidan nan ba ta leƙo ba sai don ta ce in rage.

Ya tsaya, ya shafa wuyanta. Ya ce, "Bawana, ka bar mini ita."

"Ka yi mi da ita?"

Ya yi dariya. "In kafa orkestir tawa mana, ƙungiyar kiɗa ta kaina. Manzo da yaransa. Kai kuma in ɗauke ka aikin ɗaukar amfuli, tunda na ga kana da wuya mai ƙarfi."

Hajjo ta tuntsire da dariya, ni ma na yi, ta haƙora. Irin wannan magana mun yi ta fi dubu tun muna yara, kuma ban taɓa kwana da ko ɗaya ba. Amma wannan na ɗauke ta na adana, na ce ga shi ya faɗa da bakinsa. Da na raka shi zaure ya sassauta murya, ya ce, "Da gaske nake, ka mayar. Kai ba ka bukatarta." Abin da kunnena ya ji shi ne, kai ba za ka iya ba.

Daga nan shawara ta ƙare, saura neman abin biya. Na sayar da ragon da nake turke, bai kai ba. Na zagaya wajen awakin Hajjo da magana mai daɗi, ta ce in sake zagayowa ta nan zan tarar da ita a gidan ubanta da su duka. Na dubi keken ɗinki, na tuna shi ke ciyar da mu. Abu ɗaya ya rage a gidan mai daraja, yana rataye a bango cikin rigar da na ɗinka masa da ragowar shadda shuɗiya.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na san bas ba ta jan waƙa, bin baya take yi. Amma na zauna na lallashi kaina har na yarda. Na ce zan tsaya a gaba da ita, in yi waƙa, mutane su ga abin da ba su taɓa gani ba. Manzo da baƙar jitarsa mai karkarwa ba zai wuce inda yake ba. In bukukuwa suka wuce sai in gangara Damagaram in sayo wata jitar da ta fi ja kyau. Har na ji tausayin Manzo kaɗan.

Ranar kasuwa na ajiye jar jitar a gaban Ɗan Azumi. Ya zuge rigar, ya daɗe yana kallo.

"Tela, ka yi shawara da wani kuwa?"

"Da wanda ya fi ni sanin kaina?"

"A'a, tambaya dai na yi. Na ga mai sayar da doki ya sayi raƙumi, amma shi wancan ya iya hawa."

Na ce ya yi aikinsa. Ya saye ta da kansa, ya haɗa da kuɗin rago, ya kira Mushe ya shaida masa an gama. Na roƙe shi ya kai ta nesa, Damagaram ko Tenhiya, kada in riƙa ganinta a gari. Ya ce shi dai ba ya tambayar mai saye ɗan gidan wane ne. Na saɓa bas a kafaɗa na bi ta tsakiyar kasuwa, ta layin masu goro, inda na san za a gan ni. Ranar nan na ji daɗi, daɗi na gaske, har na sayi tsire.

Kwana tara na samu kafin bikin Ollelewa. Na rufe shago da wuri kullum, na naɗe yatsu da tsumma, na koyi abin da ya samu. Manzo bai zo gidan ba ko sau ɗaya, na ce haushi ne ke cinsa, na ƙara jin daɗi.

Ran bikin muka haɗu a tasha da hantsi. Buba ya riga ya ɗora gangunansa a motar kaya, da gurup, injin da zai ba mu wuta. Manzo ya zo a ƙarshe, rataye da jita cikin riga ta shuɗiyar shadda. Ɗinkina ne, na san inda zare ya ƙare mini na ci gaba da baƙi. Muka hau mota muka kama hanya. Buba ya yi ta kallon gonaki, karan dawa a tsaye, shanun Fulani na kiwo a ciki.

Bayan azahar muka kafa kaya a gindin wata aduwa, gaban gidan ango. Mutane sun fara taruwa, mata na shimfiɗa tabarmi. Manzo ya ja ni bayan motar, ya sauke jitar ya miƙo mini da hannu biyu.

"Safiyanu," in ji shi.

Rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta.

"Karɓi abarka ka ba ni waccan. Kuɗin da na tara don bas na ba Ɗan Azumi, don wani mutumin Tenhiya ya fara zagayenta. Ba sai ka ƙara mini komai ba."

Na ce, "Ka samu abin da kake so ai. Ga ja a hannunka. Sai orkestir."

"Wace orkestir? Kai yanzu wasan ma sai an fassara maka?" Ya goge fuska da gefen rawani. "Tun bikin Belbeji ba ka duban idona. Ina zuwa gidanka kana ba ni tuwo kamar kana biyan haraji. Na zauna na duba, na ga jita biyu a gaba ba za su yi mana ba. Na ce in koma bas, in tsaya can baya kusa da Buba, kai ka riƙe gabanka yadda aka saba, kowa ya huta."

"Mi ya hana ka faɗa mini?"

"In ce maka mi? Kai ma ka san ba ta faɗuwa."

Na sani kuwa. Da ya yi niyyar ƙwace mini wuri, da na san yadda zan yi da shi, da na ma fi son haka. Amma wai ya duba ne ya ga ya fi ni, ya ga abin yana cina, shi ne ya yanke shawarar ya ja da baya ya bar mini fili. Wata takwas ina kishin mutum, shi kuma yana tausayina. In na karɓi jitar nan zan tsaya a gaba yau da gobe da baɗi, kuma duk guɗar da aka yi mini zan san Manzo ne ya bar mini ita. Ban taɓa jin zafinsa kamar lokacin ba, ban kuma taɓa jin kunya irin wannan ba.

Ya sake miƙo ta. Na ga tabon da ke gefenta, inda Ramla ta taɓa buga mata ludayi tana rarrafe. Hannuna har ya ɗaga.

Na ce, "An sallama mini, an sallama maka. Ciniki ya ƙare."

"Safiyanu, kada ka yi haka."

"Wuce gaba, ubangijina, ana jiranmu."

Aka tayar da gurup. Na je na tsaya kusa da Buba, a inuwar motar, inda Manzo ya yi shekara shida yana tsayuwa. Daga nan ba ka ganin fuskokin mutane sosai, bayan mai jita kake gani da ƙeyarsa. Buba ya dube ni, ya dubi bas, ya ce in bi ƙafarsa kawai, in ya taka in taka.

Manzo ya taɓa tsirkiyar farko. Shekara goma sha ɗaya jitar nan tana hannuna, na san duk abin da take iya faɗa, ko kuwa haka na zata. Abin da ya fito ranar nan ban taɓa jin sa ba. Ba amfuli aka canza ba, ba tsirkiya aka canza ba, ni na ɗaura su da hannuna watan jiya. Ashe muryar tana ciki tun da can. Guɗa ta tashi tun bai kai ga waƙa ba, mata suka bar tabarmi, ƙura ta rufe ƙafafu. Idona ya cika, na ce wa kaina hayaƙin gurup ne.

Ina cikin sauraro na manta da nawa aikin, na ɓace gaba ɗaya. Buba ya yi gyaran murya. Na lalubi wuyan bas, na rasa ta inda zan shiga. Sai Manzo ya juyo rabin juyi, bai daina kiɗa ba, bai yi dariya ba. Ya dubi hannuna, ya nuna mini da haɓa, ƙasa kaɗan, tsirkiya ta biyu. Ya jira bugun Buba ya zagayo, ya gyaɗa kai.

Na ɗora yatsana inda ya nuna mini.